Ƙananan ƙwari masu tashi a akurki da garke: a tare su tun suna tsutsa



A daminar bara na kai ziyarar aiki wata cibiyar yaƙi da jahilci a karkarar Tabotaki, cikin gundumar Buza. Bayan an tashi daga karatu, wata ɗaliba, uwar ƴaƴa biyar, ta ce: “Malam, zo ka ga abin da ya same ni.” Ta kai ni bayan ɗakinta. Ga ƴan zabi goma sha ɗaya a kwance, duk sun mutu. Kaza ce ta ƙyanƙyashe mata su, kuma da kuɗinsu ta yi niyyar saya wa yara kayan makaranta.

Na tambaye ta ko ciwo ne ya shigo. Ta ce a'a. Ƙudaje da wasu ƙananan ƙwari ne suka cika akurkin, har ƴan zabin ba su samun sukuni. Sai ta sayo piya-piya a kasuwa, ta yayyafa da magariba, ta rufe ƙofa. Da gari ya waye ta iske ƙwarin sun mutu, ƴan zabin ma sun mutu. Bayan mako ɗaya ƙudaje suka komo kamar ba a taɓa yi musu kome ba.

Da muka ɗaga kaskon ruwan da ke cikin akurkin, sai ga ƙasa jiƙe sharkaf, haɗe da kashin kaji da tsohuwar dusa, tsutsa fari fat tana motsi. Nan ne gidan ƙwarin. Magani ya kashe na sama, ya bar na ƙasa.

Wannan shi ne darasinmu na yau. Ƙwaron da kuke gani yana tashi, ƙarshen rayuwarsa ke nan kuke gani. Farkonta yana cikin danshi da ruɓa. Wanda ya kawar da danshi da ruɓa ya gama da ƙwari, ba tare da ya kashe dabbarsa ko ya cutar da iyalinsa ba.

Daga ina suke fitowa?

Mutane da yawa suna cewa damina ce ke kawo ƙuda, wasu kuma suna cewa ƙazanta ce ke rikiɗa ta zama tsutsa. Gaskiyar magana ita ce, kowane ƙuda daga ƙwai ya fito, kuma uwa ce ta saka ƙwan. Rayuwarsa hawa huɗu ce.

Hawa na ɗaya: ƙwai. Macen ƙuda tana neman wuri mai danshi da ɗumi, inda abu ke ruɓewa. Takan saka ƙwai 75 zuwa 150 a zama ɗaya. A tsawon rayuwarta tana iya saka kusan 500. Ƙwan fari ne, ƙanana ƙwarai.

Hawa na biyu: tsutsa. Kafin kwana ɗaya ya cika ƙwan ya fashe, tsutsa ta fito. Tana ci, tana girma, har kwana uku zuwa bakwai. In wurin ya bushe ƙayau, sai ta mutu.

Hawa na uku: kwanso. In tsutsa ta ƙoshi, sai ta rarrafa zuwa gefe mai ɗan bushewa, ta ƙulle kanta cikin wani ɗan kwanso mai launin jan ƙasa, mai kama da kashin ɓera. A ciki take rikiɗa.

Hawa na huɗu: ƙuda mai fiffike. Shi ne ke fitowa daga kwanson. Bayan ƴan kwanaki macen ta fara nata saka ƙwan.

A zafi irin namu na Adar, daga ƙwai zuwa ƙuda mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne kawai. Ga lissafi, ku gwada shi a kan allo. Mace ɗaya ta saka ƙwai 500. A ce 100 kaɗai suka rayu, rabinsu mata, wato 50. Kowace ta saka 500. Ƙwai nawa ke nan? 25.000. Duka wannan daga ƙuda ɗaya, kafin wata biyu.

Ku riƙe wannan adadi na kwana bakwai. Duk wanda ke share akurki da garke kafin kwana bakwai su cika, ya yanke wa ƙwari hanya, domin tsutsar ba za ta kai ga yin fiffike ba.

Mu san su ɗaya bayan ɗaya

Ba duka ƙwarin da ke tashi a akurki ne iri ɗaya ba. In kun gane irin, kun gane inda za ku nemi gidansa.

1. Ƙudan gida. Kowa ya san shi. Ba ya cizo, lasa yake yi. Yana haihuwa a cikin ɗanyen kashin kaji da na dabbobi, da juji, da ragowar abinci.

2. Ƙuda mai cizo. Kamarsa ɗaya da ƙudan gida, amma bakinsa tsini ne kamar allura. Jini yake sha, galibi a ƙafafun dabba. In kun ga rago ko jaki yana ta buga ƙafa a ƙasa, yana kaɗa wutsiya, ya kasa cin abinci, ku duba. Gidansa shi ne ragowar harawa da kara da suka cakuɗe da fitsari da kashi a gindin turke.

3. Ƙudan tsami. Wannan ɗan mitsitsi ne, bai kai ƙwayar riɗi biyu ba, mai jajayen idanu. Shi ne ke yin gungu a kan ɓawon mangwaro, da ruɓaɓɓen tumatir, da kwanon fura da ba a wanke ba. A akurki da garke, jiƙaƙƙiyar dusa da ta kwana ta yi tsami ita ce ke tara shi. Shi ma kwana takwas zuwa goma sun ishe shi ya hayayyafa.

4. Ƙwarin laima. Ƙanana ne, baƙaƙe, masu raunin tashi. Ana ganinsu a gindin randa, da ƙarƙashin kaskon ruwa, da bakin rariya. Ƙasar da ba ta taɓa bushewa ita ce gidansu.

5. Koren ƙuda. Mai ƙyalli ne, ya ɗan fi ƙudan gida girma. Mushe da miki yake nema.

6. Sauro. Shi kam a cikin ruwa kwance yake saka ƙwai. Ƴaƴansa su ne ƴan tsutsotsin nan da ke wutsil-wutsil a cikin randa da tsohuwar taya da kududdufi. Kamar mako ɗaya zuwa kwana goma suke yi kafin su tashi.

Ɓarnar da suke yi

Kada a raina su don ƙanƙantarsu. Ƙudan tsami da ƙwarin laima ba su cizo, amma ganinsu shaida ce cewa abincin dabba ya lalace, ko ƙasan akurki ya jiƙe. Dusa mai tsami da fumfuna tana ɓata cikin ƴan tsaki da zomaye. Ƙasa mai laima kuwa tana renon ciwon nan mai sa ƴan tsaki zawo da jini.

Ƙuda mai cizo yana ramar da dabba. Ragon da aka turke don babbar salla, in ya yini yana kokawa da ƙuda, dusar da aka saya masa da tsada ba za ta zama nama ba. Akuya kuma nononta yakan ragu.

Koren ƙuda yana saka ƙwai a kan miki, da cibiyar ɗan akuya sabon haihuwa, da gindin zomo in zawo ya ɓata gashinsa. Cikin kwana ɗaya tsutsa ta fito ta fara cin nama da rai. Zomo yana iya mutuwa cikin kwana biyu. Haka kuma, in kaji suka ci tsutsar da ta fito daga mushe, suna iya shan wata guba mai sa wuyansu ya saki, ƙafafu su mutu.

Sauro yana ɗaukar ciwon ƙurajen kaji daga wannan kaza zuwa waccan. Shi ne ciwon da ke fito da ƙuraje masu ɓawo a zanko da fuska da gefen ido. Tantabaru ma suna da irin nasu. Wannan ciwo yana da rigakafi. A tambayi malaman kiwo.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A watan Agusta na 2016 wani ciwo da ake kira zazzaɓin Rift ya ɓulla a jiharmu ta Tawa, a yankin Cintabaradan. Dabbobi suka yi ta ɓari, ƙananansu suka yi ta mutuwa, mutane da dama kuma suka rasu, galibi makiyaya. Sauro ne ke yaɗa shi tsakanin dabbobi. Mutum kuma ya fi ɗaukarsa ta taɓa jini ko ɓarin dabba mai ciwo, ko shan ɗanyen nononta. Saboda haka, in kun ga tumaki ko awaki da yawa suna ɓari lokaci ɗaya, kada ku taɓa ɓarin da hannu tsirara, kada ku yanka mai ciwo ku ci, ku tafasa nono, ku sanar da ma'aikatar kiwo ba tare da jinkiri ba.

Mu ma ba mu tsira ba. A gidajenmu, tsakanin akurki da murhu taku nawa ne? Ƙudan da ya tashi daga kashi shi ne ke sauka a kan tuwo da bakin yaro. A ƙafafunsa da amansa yake kawo zawo da atuni da kwalara. Akwai kuma wani ɗan ƙuda mai son idon yara, wanda ke yaɗa amodari, ciwon da kan kai ga makanta. Shi a cikin bayan gidan mutum da aka bari a fili ya fi haihuwa. A ƙasar Gambiya, wani bincike da aka buga a 1999 ya nuna cewa ƙauyukan da aka rage wa ƙudaje, masu kamuwa da amodari sun ragu ƙwarai, zawon yara ma ya ragu. A can ma'aikata ne suka yi ta feshi a kai a kai, wata da watanni, aikin da ƙauye ba zai iya ɗauka da kansa ba. Bincike na biyu, a 2004, ya nuna cewa gina salanga ma yana rage ƙudajen da ke sauka a idon yara.

Abin da ya sa feshi ba ya raba mu da su

Bari in ba ku labarin wani kiwo da ba mu da irinsa. A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai masu kiwon wata ƴar ƙaguwa don sha'awa. Ƙaguwar ba ta da ƙwarin baya, sai ta shiga tsohon kwanson dodon koɗi ta mai da shi ɗaki, tana yawo da shi. A cikin akwatin gilashi suke ajiye ta, da yashi mai danshi, da ɗumi, suna ba ta ƴaƴan itace da kifi. Danshi, ɗumi, ragowar abinci: kun ga abin da ƙwari ke so ya cika. Don haka ƙudan tsami da ƙwarin laima sukan cika musu akwati.

To, su ba su da halin yin feshi ko kaɗan, domin ƙaguwa da ƙwari dangin juna ne, gubar da ke kashe wannan ita ke kashe waccan. Dole ta sa suka koyi wata hanya. Suna kwashe ragowar abinci kowace safiya. Suna wanke kwanoni. Suna kafa tarko a wajen akwatin. In abin ya yi yawa, sai su juye yashin duka su zuba sabo. Da haka ƙwarin ke ƙarewa, ƙaguwar kuma tana nan da ranta.

Akurkinmu da kejin zomayenmu da tukwanen tantabarunmu haka suke. Wuri ne ƙarami, rufaffe, mai rai a ciki. Feshi a irin wannan wuri yana da aibi uku.

Na farko, yana kashe mai tashi ne kawai. Ƙwai da tsutsa da kwanso suna ɓoye a ƙasa, bayan mako ɗaya su taso.

Na biyu, yana kashe abin da ake kiwo. Tsuntsaye ba su jure irin gubar da ke cikin piya-piya, balle ƴan tsaki da ƴan zabi. Kifi da ƙudan zuma ma haka. Gubar tana sauka a cikin ruwan sha da abinci, dabba ta ci.

Na uku, yana cutar da mutum. Piya-piya guba ce mai ƙarfi da ake ɗurawa cikin ƙananan kwalabe, sau da yawa ba suna, ba bayani. Tana shiga jiki ta numfashi, ta fata, ta baki. Yara sun fi kowa shiga haɗari, domin kwalbar tana kama da ta abin sha. A Nijeriya, a 2019, hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin wannan magani cikin ƙananan kwalabe a kasuwanni.

Ban da wannan, ƙudajen da ake yawan fesa wa magani iri ɗaya sukan saba da shi, jikokinsu su daina mutuwa. Kuɗi ya tafi, ƙuda yana nan.

Aikin da za a yi

Abinci. A ba dabba gwargwadon abin da za ta cinye. Jiƙaƙƙiyar dusa kada ta kwana a komi. Abin da ya rage da yamma a kwashe, a wanke komin, a kife shi. Ɓawon mangwaro da na kankana, da ganyen salati da kabeji da ake ba zomaye, a kwashe ragowarsu kafin dare. Buhun dusa a ɗora shi a kan dutse ko katako, a ɗaure bakinsa.

Ruwa. A sauya ruwan sha kullum. Sau ɗaya a mako, ko fiye, a goge cikin kaskon da soso, domin akwai sauron da ke manna ƙwansa a jikin mazubi. Kada a ajiye kasko a kan ƙasa tsura. A shimfiɗa tsakuwa, a ɗora shi a kai, a riƙa sauya masa wuri don ƙasan ta bushe. Duwatsu ba su yi mana wuya a Adar ba. Tsohuwar taya, da gwangwani, da fasasshen tulu, a kife su ko a cika su da ƙasa. Tukwanen tantabaru a karkata bakinsu ƙasa kaɗan, don kada ruwan sama ya taru a ciki. Randa a rufe ta.

Ƙasan akurki da garke. A ɗaga shi ya fi tsakar gida tudu, don kada ruwa ya kwanta. A zuba busasshen yashi, a barbaɗa toka mai sanyi a kai. Toka tana shanye laima, tana rage wari. A gyara rufi kafin ruwan farko. A bar ƴan kafofi a sama don iska ta ratsa. Da rana, in kaji sun fita, a buɗe ƙofa rana ta shiga. Kejin zomo a ɗora shi a kan ƙafafu, ƙasansa ya zama na raga ko na sanduna, don kashi da fitsari su zuba ƙasa a share.

Gindin turke. A riƙa ɗaga ragowar harawa da kara, kada su yi kauri. In wurin ya jiƙe da fitsari, a kankare ƙasar, a zuba sabuwa, ko a matsar da turken.

Shara. Da damina a share akurki da garke sau biyu a mako. Da rani sau ɗaya ya isa. Kada a manta da lunguna da gindin bango, domin nan tsutsa ke zuwa ta yi kwanso.

Mushe. Kaza ko zomo ko ɗan akuya in ya mutu, kada a jefa shi bayan gari ko kan juji. A haƙa rami mai zurfi, nesa da rijiya, a binne, a ɗora dutse don kada kare ya tone. Mabiyiyar dabba da jinin yanka ma a binne su.

Miki. A duba jikin dabba kullum. In akwai miki, a wanke shi da ruwan da aka tafasa da ɗan gishiri, a nemi maganin shafawa wurin malamin kiwo. Cibiyar sabon haihuwa a duba ta safe da yamma har ta bushe.

Taki: cuta a gida, albarka a gona

Ina za a kai abin da aka share? In aka tara shi a ƙofar gida a buɗe, an ƙaurar da ƙuda ne kawai daga nan zuwa can. Hanya biyu ce.

Da rani, a baza kashin a rana, kada ya yi kauri. In ya bushe ƙayau, ƙuda ba ya iya haihuwa a ciki. Sai a zuba a buhu a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa.

Da damina, a yi ramin taki a wuri mai tudu, nesa da ɗaki da rijiya. A zuba kashin dabbobi, a bi shi da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, a barbaɗa toka. Duk lokacin da aka zuba sabo, a rufe shi da ƙasa kaurin yatsu huɗu. Takin da ke nuna yana yin zafi a ciki, har ya wuce digiri 50, zafin da tsutsa ba ta iya jurewa. A saman tari da gefensa take tsira, shi ya sa rufewa ta zama dole. Bayan mako biyu ko uku a juya shi, na gefe ya koma tsakiya, a sake rufewa.

Mu mutanen wannan yanki mun san darajar taki. Tun daga 1984 Furojen Keita ya yi aikin farfaɗo da ƙasa a kan tuddai da fako, da gine-ginen duwatsu da dashen itatuwa da madatsun ruwa. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga, a Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka komo suka inganta tassa, har ta bazu a jihar Tawa. Amma ramin tassa da rabin wata ba su ba da amfani sosai sai da taki. Tafin hannu ɗaya ko biyu a kowane rami yana sauya zangarniya. Ashe abin da ke haifar mana ƙuda a tsakar gida, hatsi ne muke bari yana lalacewa.

Tarkon da kowa zai iya yi

Bayan an gyara wuri, sauran masu tashi sai a kama su da tarko. Ga yadda ake yi:

1. A samo robar ruwa ta lita ɗaya da rabi.
2. A yanke kashi ɗaya cikin uku daga sama, a cire murfin.
3. A zuba abin jan ƙwari a gindin robar, tsawon yatsu uku.
4. A juya saman da aka yanke, a cusa shi ciki kamar mazurari, bakin yana kallon ƙasa, amma kada ya taɓa ruwan.
5. A huda gefe biyu, a sa igiya, a rataye.

Don ƙudan tsami: ruwan tsamiya da ɗan sukari, ko binega, ko ɓawon mangwaro cikin ruwa. A ɗiga ruwan sabulu kaɗan. Shi ke sa ƙwaro ya nutse in ya sauka. Wannan tarko a rataye shi kusa da akurki, ta waje, inda kaji da yara ba su kai.

Don ƙudan gida da koren ƙuda: kan kifi ko tsamammen nono cikin ruwa. Wannan yana wari, kuma yana kiran ƙuda daga nesa. A rataye shi kamar taku ashirin daga akurki da madafa, kada a jawo wa kai baƙi.

Kowane mako a juye tarkon a rami, a binne, a sabunta. Hausawa sun ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Amma a tuna, tarko mataimaki ne, tsintsiya ce uwar aiki.

Hayaƙi da raga

Iyayenmu sukan turara ganyen bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, a gefen garke da magariba. Hayaƙin yana korar sauro na ɗan lokaci. A yi shi a fili, a tsaya a kansa har wutar ta mutu. Kada a yi shi cikin rufaffen akurki, domin hayaƙi yana shaƙe ƴan tsaki, ga kuma haɗarin gobara.

Tsohon sange da ya yage, wanda ba ya moruwa a gado, ana iya wanke shi a rufe kafofin akurki ko kejin zomo da shi. Amma sange mai kyau na mutane ne. Kada a cire wa yaro ko mace mai ciki don a rufe kaza. Masassarar cizon sauro ta fi asarar kaza.

In magani ya zama dole

Wani lokaci ƙwari sukan fi ƙarfin tsintsiya da tarko. To, a je wurin malamin kiwo ko malamin gona, a faɗa masa irin dabbar da irin ƙwaron. Maganin gona ba na jikin dabba ba ne.

Nan karatunku zai yi muku rana. Ku duba takardar da ke jikin kwalba. Ƙasashen ƙungiyar CILSS, har da Nijar, suna da kwamiti ɗaya mai tantance magungunan ƙwari, ana kiransa CSP. Maganin da ya yarda da shi yana ɗauke da lambar izini. A ƙasan takardar kuma akwai zane mai launi: ja, haɗari mai tsanani, rawaya, haɗari, shuɗi, a yi hattara, kore, haɗarin ya fi sauƙi, amma shi ma guba ne. Kwalbar da ba ta da takarda, kada ku saya.

Kafin a yi aiki da magani, a fitar da dabbobi duka, da kaskon ruwa da komi da ƙwai. A rufe hanci da baki da hannu. Kada a zarce awon da aka rubuta. Kada a mai da dabbobi sai wurin ya bushe, iska ta ratsa shi, lokacin da aka rubuta ya cika. A yi wanka da sabulu. Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada a zuba mata ruwa ko mai ko nono.

Alamun guba a jikin mutum su ne: yawan miyau, zufa, hawaye, amai, ciwon ciki, rawar jiki, ƙanƙancewar baƙin ido, da wuyar numfashi. In an ga haka, a fitar da shi iska, a tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a ba shi nono ko mai, kada a sa shi amai da gangan. A garzaya da shi gidan likita mafi kusa, a tafi da kwalbar don likita ya san irin gubar.

Aikin unguwa ne

Ƙuda bai san katanga ba; yana iya tafiyar kilomita ɗaya ko biyu. In kun gyara gidanku, maƙwabci bai gyara nasa ba, aikin ya ragu rabi. Ku kai maganar nan ajinku, da taron ƙungiyar mata, da fadar mai gari. Ku tsai da rana ɗaya a mako, ranar shara, gida-gida. Ku duba mahauta, da bakin rijiya inda dabbobi ke shan ruwa, da wurin da ake zubar da ruɓaɓɓiyar albasa bayan an tsince rudu. Gidan da ba shi da salanga a taimaka masa ya haƙa, a yi mata murfi.

Ɗalibar nan ta Tabotaki ta kankare ƙasan akurkinta, ta zuba yashi da toka, ta ɗora kasko a kan tsakuwa, ta haƙa ramin taki a bayan gida. Da na koma bayan girbi, na iske kaza da sababbin ƴan tsaki suna kiwo a tsakar gida. Ta ce mini: “Malam, ashe maganin yana jingine a bayan ƙofa, ina ta nemansa a kasuwa.” Tsintsiya take nufi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Kwana nawa ƙuda ke yi daga ƙwai zuwa tashi? Me ya sa sanin wannan ke da amfani?
2. Ku zana gidanku a kan allo. Ku sa alama a duk inda danshi ko ruɓa ke zama.
3. Wane launi ne ke nuna haɗari mai tsanani a jikin kwalbar magani?
4. Wace rana ce ta dace da sharar unguwa a garinku?

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, ya albarkaci kiwonmu da gonakinmu. Amin.